Wanda ya tona asirin ɓarawon gwamnati ba munafuki ba ne

Wai yaron nan mai kula da sito shi ne ya zama abin zagi a Maraɗi. Ya ga buhunan taki na fita cikin dare, ya ƙi sa hannu a takarda, ya kai ƙara, sakamakonsa aka tura shi wani ƙauye can bayan Dakwaro. Masu motocin da suka kwashe kayan suna nan suna shiga buro suna fita. Har wani babban mutum ke cewa yaron bai da sirri. Haba Alhaji! Sirrin wa? Takin manoma ne, ba gadon gidan kowa ba.

Ba munafuki ba ne. Munafuki shi ne wanda ya gani ya yi shiru, sannan ya zo fada yana kukan gero ya yi tsada.

Masu cewa kuɗi yake nema, to in ma ya nema fa? Tun 1863, zamanin shugaba Lincoln, Amurka ke da dokar da ta ba mutum damar kai ƙarar wanda ya cuci gwamnati, lokacin da ƴan kwangila ke saida wa sojoji ruɓaɓɓen kaya. Yau mai ƙarar yana samun kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, kuma in an kore shi saboda haka, kotu na iya maida shi aikinsa a biya shi ninkin albashin da ya rasa. Maƙwabtanmu na Najeriya a ƙarshen 2016 sun sa ladan kashi 2.5 zuwa 5, ba a jima ba aka gano dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, Legas. Amma da yake ba su haɗa shi da dokar kariya mai ƙarfi ba, mutane suka koma tsoro.

Mu nan Nijar hukumomin yaƙi da cin hanci da satar dukiyar ƙasa ba mu rasa ba. An kafa HALCIA a 2011, an kafa COLDEFF a 2023. Amma bayan mutum ya kai ƙara, shi kaɗai yake komawa gida, shi kaɗai matarsa za ta tambaya me ya sa ya jawo musu. Wallahi wannan ke cina. A ɓoye sunansa, a hana taɓa aikinsa, a ba shi rabonsa a fili.

Kar wani ya zo mini da zancen ƙazafi zai yi yawa. Mai ƙazafi kotu ta san abin da take yi da shi.

Kuma tunda zancen taki ya taso, don Allah a riƙa kawo shi kafin ruwan farko. Manomin Madarumfa da ya riga ya yi noman fari, me zai yi da buhun da ya iso a watan takwas?