Ashe kifin wel ma ci-rani yake zuwa

Kai wannan labari naku na na'urar da masu bincike ke maƙala wa manyan dabbobin teku suna bin sawunsu ta satalayit ya burge ni wallahi. Mu nan Jos da dutse muka sani, teku sai a talabijin, amma ina karantawa sai na tuna Fulaninmu da ke tafiya ci-rani da shanu in rani ya yi. Wel ɗin nan mai doro haka yake, ya je can ruwan Antaktika mai sanyi ya cika ciki da ƙananan jatan lande, sannan ya taho har gaɓar Gabon, nan kusa da mu fa, ya haihu a ruwan ɗumi, kuma wata da watanni kusan ba ya cin komai, kitsen jikinsa yake ƙonawa. Dubban kilomita babu taswira babu GPS, ni kuwa ko Terminus na shiga ranar kasuwa sai na ɓata hanya. Abin da ban ji kun taɓo ba shi ne jiragen ruwan dakon kaya da ke banke su a hanya, da ragar masunta da ke sarƙe su. Don Allah ku kawo mana wannan ɓangaren.