Yaranmu na kan teburin biliyar: hannu akwai, mai duba su ne babu

A watan Yulin 2025, a birnin Jidda, mutum huɗu suka rage a gasar biliyar ta duniya, wadda ake bugawa da ƙwallo tara. Biyu manya ne da duniya ta daɗe da sani, Carlo Biado na Filifin da Fedor Gorst, kuma su suka haɗu a wasan ƙarshe, Biado ya ci 15 da 13. Amma ni ba su suka tsaya mini a rai ba. Sauran biyun ne: Bernie Regalario, shi ma ɗan Filifin, da Kledio Kaçi na Albaniya, samari masu shekara wajen 20, sun ture manyan da suka girme su nesa ba kusa ba har suka iso kusa da kofi. Tun ranar nake son in yi wannan magana da ku, ƴan uwana na Yamai, musamman iyaye da masu tebur a unguwanni.

Ku duba shekarun da ake fitowa a wannan wasa. Wu Chia-ching na Taiwan yana da shekara 16 ya zama zakaran duniya a 2005, har yau ba a sami wanda ya ci wannan kofi da ƙarancin shekaru kamarsa ba. Joshua Filler na Jamus ya ci nasa a Doha a 2018 yana da 21. Shekara ta zagayo, a Dohar dai, Gorst ɗan asalin Rasha ya ɗauka yana da 19. Wiktor Zieliński na Folan yana da 16 ya lashe gasar Euro Tour a 2017, a tsakanin ƙwararrun Turai. Wanda ya zama zakara a 19, ba a 18 ya fara riƙe sanda ba. Tun yana ɗan shekara goma, ko ƙasa da haka, wani babba ya tsaya a kansa yana gyara masa tsayuwa da riƙo. Wato shekarun da ake ƙera ɗan wasa su ne daga 10 zuwa 18. Kuma daidai waɗannan shekarun ne yaranmu ke ƙonewa a kan tebur karkatacce, suna buga wa wani ƙato caca.

Akwai wani yaro a Bukoki da nake yawan tsayawa kallo in na taso daga aiki. Bai fi shekara 13 ba, jakar lakol ɗinsa tana ƙarƙashin tebur. Teburin yana cikin rumfar kwano, an tokare ƙafa ɗaya da kwali da aka ninka, ƙyallen ya koɗe har katako na leƙowa a wajen da ake fasa ƙwallaye. Sandar ta lanƙwashe, bakinta ya cinye, alli ya ƙare sai ɗan guntu da ake karɓa hannu zuwa hannu. Duk da haka yaron nan in ya sunkuya, kansa ba ya motsi. Ya san teburin yana zuba wajen ramin hagu, don haka sai ya auna ɗan sama da inda ya kamata, ya bar karkatar ta kai masa ƙwallon. Babu wanda ya koya masa wannan, idonsa ne ya gano. Na taɓa ganin ya zuba biyar a jere, manya suna tafi.

Ranar nan kuma na ji wani magidanci, wanda a haife ya haife shi, ya dafa kafaɗarsa yana cewa: "Ƙanena, jika biyu na sa a kanka. In ka ci, dala ɗari taka ce." Yaron ya ce, "To, Yaya." Daga nan wasansa ya canza. Ya daina neman bugun da zai koya masa wani abu, ya koma bugun tsoro, yana satar kallon fuskar mutumin bayan kowane kuskure. Da ya faɗi, mutumin bai ko dube shi ba, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yanzu yana yi.

Saboda haka in uba ya ce ba ya son ganin ɗansa a wajen biliyar, ni ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Abin da yake gani gaskiya ne: caca, hayaƙin taba, zagi, yaro ya gudu daga aji, kiran salla ya wuce ana kan tebur. Caca haramun ce, wannan babu ja a cikinsa, kuma tana cin yaro tun kafin ta ci kuɗinsa. Inda na rabu da iyayenmu shi ne a kan maganin. Hani kawai bai raba yaro da tebur ba, sai dai ya tura shi teburin da ya fi nisa da gida, inda babu wanda ya san babansa balle ya tsawata masa.

Na san abin da wasu abokaina na fada za su ce, don mun sha yin wannan gardama a kan shayi. Za su ce ai Efren Reyes na Filifin, wanda da yawa ke ɗauka babu kamarsa a tarihin wasan, a wasan kuɗi ya taso. Haka ne. Yana yaro aka kai shi Manila wajen kawunsa mai gidan biliyar, yana aiki a wurin, har a kan tebur yake kwana, kuma wasan kuɗi ya yi shekara da shekaru kafin ya ci kofin duniya a Kadif ta Birtaniya a 1999. Biado ma ɗaukar jakar masu wasan golf ya yi yana saurayi. Talauci bai hana su ba, wannan kam ya kamata ya ƙarfafa mana gwiwa. Amma a faɗi sauran labarin. Reyes ya tashi ne a gidan da ƙwararru ke wasa dare da rana a gabansa, a ƙasar da biliyar ke da masu ɗaukar nauyi da gasa da daraja, inda gwamnati ke tura ƴan wasa su wakilci ƙasa a wasannin Kudu maso Gabashin Asiya. Sunan wanda ya tsira muke ji. Waɗanda caca ta cinye a gidajen biliyar na Manila, babu mai ba da labarinsu. Mu a nan mun ɗauki cacar, mun bar duk abin da ya kewaye ta.

Bari in ɗan yi bayanin abin da tebur karkatacce ke hana yaro koya, don wanda bai taɓa riƙe sanda ba zai ɗauka zuba ƙwallo a rami shi ne wasan. A'a. Wasan yana ga farin ƙwallo. A tsarin ƙwallo tara, dole farin ya fara taɓa ƙwallon da lambarsa ta fi ƙanƙanta a kan tebur, kuma wanda ya zuba na tara shi ya ci. Don haka kafin ka buga na ɗaya, ka riga ka san inda farin zai tsaya don na biyu, da yadda daga can zai kai ka na uku. In ka doki farin a samansa, zai bi ƙwallon da ya buga. In ka doke shi a ƙasa, zai dawo baya wajenka. In ka doke shi a gefe, zai canza hanya bayan ya taɓa bango. In kuma babu hanyar zubawa, sai ka ɓoye farin a bayan wani ƙwallo ka bar abokin karawarka cikin wahala. Duk wannan lissafi ne na ɗan yatsa ɗaya ko biyu. Teburin gasa filinsa santimita 254 ne a tsawo, 127 a faɗi, ƙarƙashin ƙyallen dutse ne da aka goge sumul, ba katako ba, ramukan kuma a manyan gasanni faɗinsu wajen santimita 10 ne kacal. Yaron da ya shekara biyar yana koyon karkatar teburin Bukoki, ranar da aka ɗora shi a kan irin wannan, abin da ya haddace ne zai zame masa cikas. Hannunsa ya saba da duka da ƙarfi don ƙyallen da ya mutu, ga shi yanzu a kan ƙyallen da taɓawa kaɗan ke kai ƙwallo ƙarshen tebur.

Turawa ba su fi yaranmu ido ba. Abin da suke da shi tsani ne. A Jamus yaro yana shiga kulob, kulob yana da mai horarwa, akwai gasar ƙasa, akwai gasar matasan Turai ta ƴan ƙasa da 17 da ƴan ƙasa da 19, akwai ta duniya ta matasa, wadda Gorst ya ci a 2017 kafin ya ci ta manya. Ta wannan tsani Moritz Neuhausen ya hau har ya tsaya kusa da Filler suka kai Jamus wasan ƙarshe na gasar ƙasashe ta duniya a 2023, yana ɗan shekara wajen 20. Kuma kada mu ce sai Turai. A nan Afirka, Yuganda tana da ƙungiyar wasan ta ƙasa da gasar kulob-kulob, har sunan ɗan wasansu Caesar Chandiga ya fita waje. Ba su fi mu arziki da wani abin a zo a gani ba, tsari suka yi.

Mu ma ai mun iya tsari in mun ga dama. Kokowa a dandalin ƙauye take, bayan girbi, kafin a mayar da ita gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. Yau yaron da ya iya kokowa ya san hanyar da zai bi daga unguwa zuwa jiha zuwa fagen ƙasa, kuma babansa ba ya jin kunyar a ce ɗansa ɗan kokowa ne. Taikwando ba gadonmu ba ne, amma Abdul Razak Isufu Alfaga ya kawo mana lambar azurfa daga wasannin Olamfik na Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017, yanzu iyaye da kansu ke kai yara wajen horo. Abin da ya canza ba wasan ba ne. Wuri aka samu mai tsabta, da babba mai tsayawa a kai, da gasa da yaro zai sa a gaba.

Kuɗi ma akwai a wasan, ko da yake ba na son ya zama shi ne abin da za mu fara faɗa wa yaro. Da Saudiyya ta karɓi gasar duniya a Jidda a 2024, dalar Amurka miliyan ɗaya aka ware, Gorst ya doke Eklent Kaçi, yayan Kledio, da 15 da 14, ya tafi da dala 250,000, abin da ya kai wajen miliyan 150 na sefa. Lada ce ta gasa da masu shiryawa suka sa, ba kuɗin da ƴan wasa suka zuba a tsakaninsu ba. Amma masu kaiwa nan ƴan kaɗan ne a duk duniya, shi ya sa duk wanda ya ce wa yaro ya bar lakol saboda biliyar, maƙiyinsa ne.

Wani abu da ba mu cika tunawa ba: ƴan mata. Chezka Centeno ta Filifin tana da shekara 15 ta ci zinariya a wasannin yankinsu a 2015, a 2023 ta zama zakarar duniya ta mata a tsarin ƙwallo goma. Wasan ba ya neman ƙarfin damtse. Amma wace uwa ce za ta bar ɗiyarta ta shiga rumfar da na kwatanta muku? Ni ma ba zan bar tawa ba. In an sami wuri mai mutunci da lokacin da aka keɓe musu, za mu ga abin mamaki.

Abin da nake roƙo bai kai girman gina filin wasa ba. Muna da gidajen matasa, muna da cibiyar al'adu ta Umaru Ganda. Ɗaki ɗaya ya isa. A sa tebur ɗaya na dutse, a kira mai gini ya zo da ma'auninsa na ruwa a daidaita ƙafafun, a sayi sanduna madaidaita da alli. Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Dubai da Cana suna iya shigo da shi cikin kayansu, Alhazai, wannan sadaka ce mai gudana ga unguwa. A kafa doka uku a bango: babu caca, babu taba, an kira salla an ajiye sanda. Yaro ba zai shiga a lokacin aji ba, kuma sai ya nuna takardar sakamakonsa na lakol kafin a rubuta sunansa a gasa. A lokacin babban hutu a yi gasar ƴan ƙasa da 18, Bukoki da Talaje da Yantala da Harobanda da Zango kowa ya kawo nasa, a gayyaci iyaye su zauna a gaba. Kyautar ta zama sanda mai kyau da kayan karatu. Manyan da suka iya wasan, maimakon su sa kuɗi a kan yaro, su ba shi awa ɗaya a mako su nuna masa yadda ake tsayar da farin ƙwallo inda ake so. A salula ma wasannin su Filler da Gorst suna nan a YouTube kyauta, sai dai yaro yana bukatar wanda zai ce masa kada ya kalli ƙwallon da ya faɗa rami, ya kalli inda farin ya je ya tsaya.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da masu tebur za su iya yi tun daren yau ba tare da sun kashe ko dala ba. Baba mai tebur, kai ne babba a rumfarka, maganarka ake ji. Ka hana kowane ƙato sa kuɗi a kan yaron da bai balaga ba, ka kori mai jakar lakol in lokacin aji ne, ka cire kwalin nan ka daidaita ƙafar teburin da kyau. Wanda kuma yake da ɗaki ko yake da niyyar sayen tebur, ya yi mini magana, ni na ɗauki nauyin zagaya unguwanni in rubuto sunayen yaran, kuma zan fara da zuwa gaida iyayensu.