Girman Mota Mai Ɗakin Kwana: Lissafinmu Na Gida Ba Ya Aiki A Amurka

A jihar Indiana, inda nake zaune, da zarar sanyi ya janye sai manyan tituna su cika da motoci masu gado da madafi da banɗaki a ciki, waɗanda Amurkawa ke kira RV. Yawansu a nan ba abin mamaki ba ne, domin garin Elkhart da kewayensa, a arewacin jihar, nan ake ƙera mafi yawansu a faɗin ƙasar. 'Yan uwanmu Hausawa da suka daɗe a nan sun fara sha'awarsu, kuma kusan duk wanda na ji yana maganar saye, abin da yake fara tambaya shi ne wacce ta fi girma da aljihunsa zai iya ɗauka. A ganina daga gida muka taho da wannan tambaya, kuma a nan ɓatar da mutum take yi.

A Kano ko Damagaram, wanda ya ƙara ɗaki a gidansa saboda baƙi bai yi ɓarna ba, domin ɗakin da ba a kwana a ciki ba ya cin komai. Gidan da ke kan taya kuwa, duk ƙafa ɗaya da aka ƙara wa tsawonsa sai mai shi ya biya ta a gidan mai da wajen inshora, ya kuma biya ta a wurin ajiya, tunda unguwanni da yawa suna da dokar da ta hana ajiye irin wannan mota a ƙofar gida. Manyan cikinsu, da ake kira rukunin A, siffarsu ta bas ce, suna iya kai ƙafa 45, kuma da ƙyar galan ɗaya na mai yake kai su mil 10. Ƙananan, wato rukunin B, ba su cika wuce ƙafa 24 ba, suna shiga kusan duk inda motar gida za ta shiga. Tsakaninsu akwai rukunin C, mai gado a saman kan direba.

Sannan wuraren da mutum ya sayi motar dominsu, wasu ba sa karɓar babba. A gandun Glacier da ke jihar Montana, an hana duk motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi bin tsakiyar shahararriyar hanyar nan da ke ratsa duwatsu. A gandun Zion na jihar Utah, ramin hanyar da aka huda cikin dutse tun 1930 ya matse wa manyan motoci, har aka yi shekara da shekaru ana tsayar da masu zuwa daga ɗaya ɓangaren kafin guda ta wuce. Wuraren yada zango na tsofaffin gandaye ma an shata su ne a zamanin da motoci ba su kai haka ba. Ga kuma batun lasisi: a Texas, motar da aka ƙayyade nauyinta sama da fam 26,000 tana buƙatar wani lasisi daban, haka a Kalifoniya idan tsawonta ya wuce ƙafa 40. 'Yan uwanmu na Turai ma sun fi mu takura, domin lasisin tuƙi na kowa da kowa a kilo 3,500 ya tsaya, shi ya sa nasu motocin ba su kai na Amurka girma ba.

Inda lissafinmu na gida ya fi zama haɗari shi ne wajen lodi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya san yadda ake yi wa J5: a cika ta da kwandunan tumatir da buhunan tattasai har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, a ɗaure saura a sama, direba ya yi bismilla ya nufi Legas. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Peugeot J5 da Fiat Ducato mota ɗaya ce da suna biyu, an fara ƙera su tare a Italiya a 1981, kuma a kan jikokin wannan Ducato ake ɗora mafi yawan motoci masu ɗaki a Turai, kuma cikin jikokin har da Ram ProMaster da ake gina wasu ƙananan na Amurka a kanta. Bambancin shi ne, J5 a tasha wayam take zuwa, ita kuwa mota mai ɗaki tun daga masana'anta an riga an ɗora mata gado da firji da tankuna da kabad, saboda haka abin da ya rage mata na ɗauka ba shi da yawa. Akwai wata takarda mai launin rawaya da ake manna wa a bakin ƙofa, wadda ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya, kuma ita ya kamata mai saye ya fara karantawa kafin ya tsaya yaba kujeru. Zai ga abin da bai zata ba: motoci biyu na rukunin C da aka gina a kan ƙashin Ford iri ɗaya, doguwar takan gaza gajeriyar wajen ɗaukar kaya, domin jikinta ya riga ya cinye kasonta. Mu kuwa ba ma tafiya hannu biyu. Sai an sa buhun shinkafa, da manyan tukwane, da jarkar manja, da tsarabar waɗanda za a ziyarta. Obalodi a kan titin da ake gudun mil 70, cikin zafin Yuli, shi ne ke fasa taya.

Duk da haka ban yarda da shawarar da wasu Amurkawa ke bayarwa ba, cewa a sayi mafi ƙanƙanta kawai, domin ba da iyali irin namu suka yi lissafi ba. Gidan da mutum shida ke alwala sau biyar a yini, kuma suke tsarki da buta maimakon takarda, yana shan ruwa fiye da yadda mai sayarwa yake tsammani, kuma duk ruwan da aka zubar a wani tanki yake taruwa, wanda dole a nemi wurin juye shi. Ƙaramar mota mai ƙaramin tanki za ta mayar da hutu ya koma neman famfo. Sai dai ruwa ma kaya ne, lita ɗaya kilo ɗaya, don haka tanki mai lita 150 ya ci gurbin manya biyu a wancan lissafi na takarda mai rawaya. Haka kuma talla takan ce mutum takwas za su kwana, amma ba ta faɗin kujeru nawa ke da bel, ko nawa ne daga ciki suke fuskantar gaba yadda za a ɗaure kujerar jariri. Yara su ne masu tafiya kullum, su za a ƙirga. Baƙon da zai biyo ku sau ɗaya a shekara, tanti ya ishe shi.

Ga magidanci mai yara uku ko huɗu, na fi karkata ga rukunin C mai ƙafa 24 zuwa 26, ko da yake ita ma ba za ta bi waccan hanya ta Glacier ba, sai dai a ajiye ta a hau motar gandun. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a yi hayar irinta na mako guda, a cika ta da iyali da kaya da ruwa kamar yadda za a yi tafiyar gaske, a kai ta sikelin da ke tashoshin manyan motoci a auna, sannan a gwada shimfiɗa darduma a tsakar motar a ga ko mutum zai iya sujada ba tare da ya ture teburi ba.