'Yan Mishan da Masu Cutar Ƙanjamau a Ƙauyukanmu na Katsina

Duk lokacin da aka ɗauko zancen 'yan mishan da taimakon da suke kai wa talakawan karkara, musamman masu ɗauke da cutar ƙanjamau, sai majalisa ta rabu gida biyu tun kafin a gama shimfiɗa maganar. Wasu su ce ai tarko ne aka ɗana wa mayunwata domin a raba su da addininsu, wasu kuma su ce aikin jinƙai ne tsagwaronsa wanda bai kamata a sa masa ido ba. A irin wannan gardama da wuya ka ji an ambaci majinyacin kansa, wato matar da mijinta ya rasu ya bar ta da cutar da 'ya'ya biyar a wani ƙauye da ke bayan Ƙanƙara ko Faskari. Ni Musulmi ne, Bakatsine, kuma ra'ayina shi ne a auna wannan aiki da ma'auni guda: shin wannan mata tana samun maganinta a kan kari, cikin rufin asiri, ba tare da an gindaya mata wani sharaɗi ba?

A shekarar 2018 an gudanar da babban binciken ƙasa a kan yaɗuwar cutar, kuma marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019. An samu cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, jimillar masu cutar kuwa ta kai kimanin mutum miliyan 1.9. Jihar Katsina tana cikin mafiya ƙaranci da kashi 0.3, alhali Akwa Ibom ta haura kashi 5. Mun gode wa Allah a kan haka, amma wannan ƙarancin yana da nasa sharrin da ba a cika faɗa ba. A jihar da cutar ta yi yawa, gidaje da yawa sun yi jinya ko sun yi jana'iza, don haka tsangwama kan ragu ala tilas. A wurinmu kuwa mai cutar shi kaɗai ne a ƙauyensu, ba shi da wanda zai gani ya ji sanyi, kuma ya san cewa ranar da labarinsa ya fita za a daina sayen ƙosan matarsa, a fasa neman auren 'yarsa. Sannan kashi 0.3 a jihar da ke da miliyoyin jama'a dubban rayuka ne.

Maganin rage kaifin cutar kyauta ake bayar da shi a Najeriya tun 2006, kuma a yau mafi yawan manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana. Wanda ya dage a kan shan ta har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini, zai yi noma, ya yi kasuwanci, ya tsufa, kuma ba ya sa wa abokin zamansa cutar ta hanyar auratayya. Sai dai wannan magani yana manyan asibitoci ne a garuruwa irin su Katsina da Daura da Funtuwa da Malumfashi, ita kuwa matar da nake magana a kanta sai ta hau babur ta fito bakin titi, ta shiga mota, ta yini a layi, ta dawo kafin magariba saboda hanya ba ta biyuwa da dare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin wannan tafiya ya zama abin da sai an sayar da kaza ko kwanon gero. Kafin ta fita ma sai ta ƙirƙiro abin da za ta faɗa wa uwar miji da maƙwabta, ta kuma yi addu'ar kada ta haɗu da ɗan garinsu a ƙofar sashen da kowa ya san abin da ake karɓa a cikinsa. Idan 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, kamar yadda aka sha yi a Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Sabuwa, katin asibiti da gorar magani suna cikin abin da ake bari a ɗaki. Ranar da ta yanke shan magani, ƙwayar cutar za ta farfaɗo, tana iya ma daina jin maganin, sannan tarin fuka ya shigo, wanda shi ne ya fi kashe masu wannan cuta a duniya. Abin da ya rage tsakanin maganin kyauta da bakin majinyaci shi ne kuɗin mota, da abinci, da amintaccen mutum mai riƙe sirri. A daidai wannan gurbi 'yan mishan suke aiki.

Ba yau suka fara ba, kuma Katsina ta san su. Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana su shiga masarautun Musulmi, har sai a shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka miƙa wa ƙungiyar 'yan mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) kula da kutare a Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Babu amfanin ɓoye gaskiya: sun karɓi aikin ne suna sane da cewa ƙofa ce ta yin bishara a ƙasar da aka rufe musu, kuma ba su taɓa musanta hakan ba. Haka nan babu amfanin ɓoye ɗaya gaskiyar, cewa sun wanke gyambon mutanen da danginsu suka ware musu kwano da tabarma. Asibitin ido na Kano da suka buɗe a 1943 ya cire wa iyayenmu da kakanninmu da yawa yanar ido, asibitin Galmi kuma da ke Jamhuriyar Nijar, wanda aka kafa a 1950, sananne ne ga mutanen kan iyaka. Dubban Musulmi sun shiga waɗannan wurare sun fito da lafiyarsu da sallarsu. Wasu kaɗan kuma sun koma Kiristanci. Duka biyun sun faru.

Wanda muke kira ɗan mishan a yau ba Bature ba ne mai hular kwano. Sau da yawa Bahaushe ne ɗan asalin gidajen Maguzawa na yankin Malumfashi ko Ƙafur ko Musawa ko Bakori, mai cin tuwo da miyar kuka irin namu, wanda ake haɗuwa da shi a kasuwa ɗaya da gona ɗaya. Cocin ECWA, wadda ta tsiro daga SIM a 1954, tana da masu bishara a ƙauyuka, kuma a 2023 aka ba mabiya Katolika na Katsina nasu yankin, aka naɗa Bahaushe, Gerald Mamman Musa, ya zama bishop ɗinsu na farko. A faɗin ƙasa aikin majami'u a kan wannan cuta babba ne. Asibitin Faith Alive na Jos, wanda Dokta Chris Isichei ya kafa a 1996, ya shahara da duba marasa ƙarfi kyauta, Musulmi da Kirista, kuma bayan Amurka ta ƙaddamar da shirinta na yaƙi da ƙanjamau mai suna PEPFAR a 2003, ƙungiyoyin agaji na Katolika suna cikin waɗanda aka bi ta hannunsu wajen kai magani asibitocin mishan. Abin da na gani da idona a kudancin jiharmu bai kai haka girma ba, amma ya fi kusa da ƙasa: mai bishara da ke goya majinyaci a babur ɗinsa zuwa asibiti ranar karɓar magani, da matan Zumunta na coci da ke zuwa da kunu da sabulu su wanke wa mara lafiya zannuwanta, da akuyar kiwo da ake ba bazawara, da kuɗin makarantar maraya. Babu wani abu a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin aljihun masallacin Juma'a ɗaya a birnin Katsina.

Duk da haka, ban yarda da masu cewa damuwar Musulmi ba ta da tushe ba. Mace mai yunwa, mai ciwo, wadda dangi suka juya wa baya, ba ta cikin halin da za ta ce a'a ga wanda ya ciyar da ita, ko da bai furta mata komai ba. Saboda haka nauyi yana wuyan mai bayarwa. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗin zuwa sujada ranar Lahadi ciniki ne, kuma ko ƙa'idojin gwamnatin Amurka na bayar da tallafi sun hana haɗa aikin agajin da aka yi da kuɗinta da tilasta wa mutum shiga ibada. Ɗaukar maraya a kai shi wata makarantar kwana mai nisa ba da sanin baffanninsa da mai unguwa ba abu ne da babu al'ummar da za ta lamunta, kuma shi ne ya fi saurin ɓata aikin alheri na shekaru. Akwai kuma ɗabi'ar ɗaukar hoton majinyaci a aika wa masu ba da gudummawa a ƙasashen waje. A zamanin da hoto kan zagayo ta Facebook ya dawo ƙauyen da aka ɗauke shi, wannan tona asiri ne, kuma dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba. Mafi muni shi ne faston da zai ce wa majinyaci ya zubar da ƙwayoyinsa domin an yi masa addu'a ya warke. A nan dole in ƙara da cewa muna da namu irinsa, daga mai lasifika a bayan mota a ranar kasuwa da ke rantsuwa cewa garinsa yana wanke ƙanjamau cikin mako biyu, har zuwa malamin da zai ba da rubutu ya ce a ajiye na asibiti. Addu'a tana da muhallinta, amma duk wanda ya raba majinyaci da maganinsa, da kowace riga ya zo, ya tura shi kabari.

Tambayar da ta fi damuna ita ce me ya sa aka bar musu filin. Ba mu rasa dukiya ba, domin ana fitar da zakka, ana ciyarwa da azumi, ana gina masallatai har a unguwar da ke da uku. Ba mu rasa ƙungiyoyi ba, ga Jama'atu Nasril Islam, ga Izala da 'yan agajinta da ke kwana a asibitoci, ga FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi, tun 1985. Ba mu rasa nassi ba, domin hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda a cikinsa Allah zai tuhumi bawa ranar alƙiyama a kan rashin gaishe da mara lafiya, yara ma sun san shi a Islamiyya, kuma makamancin wannan zance ne Kirista ke karantawa a sura ta 25 ta Linjilar Matiyu. Abin da muka rasa shi ne ƙarfin halin a gan mu a ƙofar wannan gida. Mun yanke hukunci tun da wuri cewa ciwon mazinata ne, sai muka ɗauki nisantarsa a matsayin tsoron Allah.

To amma wa cutar take kamawa a ƙauyukanmu? Yarinyar da aka aurar tana budurwa, ba ta taɓa fita kulle ba, mijinta ya dawo daga cirani a Legas ko Fatakwal da abin da shi kansa bai san yana ɗauke da shi ba. Kishiyarta ma haka. Jaririn da ya sha nono. Wanda aka yi wa ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko aka yi masa aiki da askar wanzami da ba a tsabtace ba. Matan da aka sace aka kai daji aka ci zarafinsu, suka dawo babu wanda ya kai su gwaji saboda kunya. Sannan ga zawarci: miji ya rasu da ciwon da aka kira shawara ko sammu, mata ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, ta auri wani mai mata biyu, cutar ta shiga sabon gida. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, kuma ina ganin limamanmu ba sa buƙatar jiran kowa kafin su riƙa neman takardar gwaji kafin ɗaurin aure, na budurwa da na bazawara. Mai juna biyu da ba ta shan magani tana iya sa wa jaririnta cutar da kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari, idan kuwa tana sha, hatsarin kan sauko ƙasa da kashi 5. Ungozomar ƙauye ce ta fi kowa iya shawo kan mace ta je awon ciki, amma wa ya zaunar da ita ya yi mata wannan bayani?

Yanzu kuma ga wani sabon yanayi. A watan Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, kuma ko da yake an sassauta a kan magungunan ceton rai, ayyukan cikin al'umma irin su bibiyar majinyata a gida da kula da marayu sun ji jiki ƙwarai. Gwamnatin tarayyar Najeriya ta amince da naira biliyan 4.8 a 2025 domin sayen ƙunshin maganin ƙanjamau 150,000, wanda abin yabo ne, sai dai bai shafi kuɗin babur ko kwanon gero ba. Majami'un karkara su ma talakawa ne, da ɗan baikon manoma suke tafiya, ba za su iya cike wannan giɓi su kaɗai ba.

Shawarata ga kwamitocin zakka na masarautun Katsina da Daura, da masu hannu da shuni da ke karanta wannan rubutu, ita ce su ware wani kaso na musamman domin kuɗin motar majinyata da abincinsu, su damƙa shi ga ma'aikatan sashen da ke raba maganin, waɗanda suka riga suka san mutanen, ta yadda babu wani ɗan kwamiti da zai ga suna ko fuska. Da yake asibitoci kan ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku ko shida a lokaci guda, tafiya biyu zuwa huɗu ce kacal a shekara ga kowane mutum. A ƙauyukan da liman da fasto suke maƙwabtaka, kamar yadda ake samu a ƙasar Ƙafur da Malumfashi, dagaci ya zaunar da su su yi yarjejeniya a gabansa: wanda ke da babur ya kai majinyaci ko wane ne shi, maraya ya zauna a hannun danginsa a kan addinin iyayensa, kuma kada ɗayansu ya ambaci sunan mara lafiya a kan mumbari ko a taron addu'a.