Ranar da muryata ta dishe, ɗan ƙanwata ya zama tafinta

Ni malamin Turanci ne, kuma babu babin da nake tinƙaho da shi kamar na korewa, wato yadda ake cewa babu, ban yi ba, kada a yi. Sai hunturu da ƙurar alli suka haɗu suka ɗauke min murya ƙaf. Aka ce akwai likitan maƙogwaro a wani asibiti, Bature ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Na ja ɗan ƙanwata, ɗan aji biyar na sakandare kuma ɗalibina, don ya yi min baki.

Likita ya danne min harshe da ɗan itacen nan mai faɗi, ya haska tocila, ya tambayi yaron: "He doesn't smoke, does he?"

Yaro ya gyara tsayuwa ya ce, "Yes, sir."

Na so in yi ihu, to ga itace a baki, ga babu murya. A Hausa yaron bai yi laifi ba. In aka ce "ba ya shan taba ko?" sai ka ce "eh, ba ya sha", domin "eh" ɗinmu gaskata mai tambaya take yi. Bature kuwa ba ruwansa da yadda aka jero tambayar, abin da ya faru yake bi. In mutum yana sha, amsa ita ce "Yes, he does". In ba ya sha, "No, he doesn't", ko da korewa aka yi tambayar ko babu. "Yes, he doesn't" ba ta da gurbi ko kaɗan. Shi ya sa kullum nake ce wa ɗalibai kada su saki yes ko no tsirara, su ɗaura mata wutsiyarta, domin wutsiyar ce ke tona asirin kuskure kafin ya yi ɓarna.

Likita ya girgiza kai, ya rubuta wani abu a kati, ya ce, "How many a day?" Nan yaron ya gane ya jefa kawunsa a rami, sai ya tashi gyara: "No sir, he doesn't smoke nothing. He didn't smoked never."

Zufa ta keto min cikin sanyin nan. Mu mun saba da korewa mai ƙafa biyu, "ba" a gaba "ba" a baya, mu ƙara da "kome" ko "kowa": bai sha kome ba. Daidaitaccen Turanci korewa ɗaya yake ɗauka a jumla. Ko dai not ta zo da anything, anybody, ever, a ce "He doesn't smoke anything", ko kuwa nothing, nobody, never su zo su kaɗai ba not, a ce "He has never smoked". Za ka ji ana haɗa biyun a waƙoƙin Amurka da hirar titi a Ingila, amma mai makin jarrabawar WAEC jan biro zai zizara maka. Sai kuma "didn't smoked". Ita did ta riga ta ɗauki nauyin shuɗaɗɗen lokaci, saboda haka aikatau sai ya koma asalinsa: didn't smoke, didn't go, didn't eat. Haka doesn't take cinye s ɗin ƙarshen aikatau, a ce he smokes amma he doesn't smoke.

Da aka tambayi zazzaɓi ya ce "No any fever". Wannan ma tsohon ciwo ne a ajina. Babu ɗinmu hanya biyu gare ta, "There is no fever" ko "There isn't any fever", kuma no da any kishiyoyi ne, ba sa kwana ɗaki ɗaya. In gajarta kake so, ka ce "None". Likita dai ya gane, ya wuce.

Inda aka gama da ni shi ne wajen allura. Duk danginmu sun san ni da allura ba ma ga maciji. Likita yana rubutu, bai ko ɗago ba, ya ce, "Does he mind injections?" Yaro, don ya cece ni, ya ɗaga hannu biyu: "No sir! No, no, no!" To ita mind tambaya take ko abin zai dame ka. "No" na nufin ba damuwa, a yi. Mai gudun allura "Yes, he does" ya kamata a faɗa a madadinsa. Ina ta kaɗa hannu ina nuna ƙofa, nas ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, yanzu za a yi maka, ba sai ka jira ba." Yaron yana bayan labule yana cewa, "Kawu, wallahi sau huɗu na ce masa no."

Da za mu fita likita ya ba da umarni biyu: "He mustn't drink anything cold. He doesn't have to stop his tea." Ga mai koyo kamar abu ɗaya ne, tunda must da have to duk dole suke nufi. Amma da korewa ta shiga sai su raba hanya. Mustn't hani ne, kada a kuskura. Don't have to da needn't kuwa sassauci ne, ba dole ba, in ka ga dama. Yaron ya juya su kamar waina. Muna isa gida, ina tafe ina ɗingishi, ya ce wa maiɗakina, "Anti, likita ya ce ruwan sanyi ba dole a bari ba, amma shayi an hana shi."

Nan take ta kwashe ganyen shayi da madara ta kulle a kabad, ta dire min zoɓo da ƙanƙara yana ta raɓa a jikin kofi. Na jawo takarda na rubuta mata bayani dalla-dalla, har da misalai, na ja layi a ƙarƙashin mustn't. Ta karanta, ta ajiye, ta ɗauki katin asibiti ta ƙura masa ido.

"Malam, bar batun shayi tukuna. Yaushe ka fara shan taba ban sani ba?"