Sabich na Bagadaza ne, a rubuta haka

Gidajen abinci a Landan da New York sun ɗauki wata al'ada: su jera sabich, wato gurasar da ake cusa wa dafaffen ƙwai da soyayyen yalo, a ƙarƙashin "abincin Isra'ila", kamar a Tel Aviv aka haife shi. Wannan laƙabi ya shafe sunan masu shi.

Asalin sabich karin kumallon Asabar ne na Yahudawan Iraƙi, kuma dokar addini ce ta tsara shi. Ba a hura wuta ranar Asabar, don haka tun Juma'a kafin faɗuwar rana ake ɗora tukunyar tbit, wato kaza da aka cusa wa shinkafa, a bar ta ta kwana kan ƙaramar wuta. A samanta ake jera ƙwai da ɓawonsa, ya wayi gari cikinsa ya yi launin ƙasa. Wuta ta yi yawa, ƙanzon ya ƙone. Ruwa ya yi yawa, shinkafar ta caɓe. Baƙin yalon ma tun Juma'a ake soya shi, bayan an barbaɗa masa gishiri ya tsane, in ba haka ba ya sha mai ya yi lagwab. Sai amba: ɗanyen mangwaro da aka jiƙa da gishiri kwanaki, aka haɗa da hulba da kurkum da barkono. Nunanne ba ya yi.

Yahudawa kusan 120,000 suka bar Iraƙi zuwa Isra'ila tsakanin 1950 da 1951, da yawansu suka sauka a sansanonin tanti, lokacin da ake rabon abinci da kati. A wancan zamani Yahudawan da suka zo daga Turai ke riƙe da mulki, kuma warin amba abin gori ne. A Ramat Gan, wani gari kusa da Tel Aviv, aka fara cusa haɗin ƙwan da yalon da amba cikin gurasa ana sayarwa a shekarun 1960. Yanzu da ya yi kasuwa, kowa ɗan gida ne.

Masu cewa ai abinci ba shi da fasfo, su gwada kiran taliyar Italiya ta Amurka su gani. Masu cewa duk kayan Larabawa ne aka sace, su ma sun manta Yahudawan nan da Larabci suke magana, kuma zamansu a bakin kogunan Dajla da Furat ya haura shekara 2,000.

Abin takaici, yanzu ƙwan minti goma ake dafawa, a lafta markaɗen riɗi ya rufe komai, a rage amba don kada baƙo ya yamutsa fuska. Wanda zai sayar da hakan, aƙalla ya rubuta Bagadaza a jikin takardar abincin.