Idan Abokinka Ɗan Rawa Ya Rasu, Wa Zai Ciyar da Karensa?

Kafin a dawo daga maƙabarta, hotunan mamaci sun riga sun cika Facebook da WhatsApp, kowa yana cewa Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Addu'a kam babu abin da ya fi ta. Amma idan aka naɗe tabarmin makoki bayan kwana uku, sai abokai su watse, alhali aikin da abota ta ɗora musu a lokacin ne yake farawa. Wannan ya fi tsanani idan mamacin mutum ne da ya yi rayuwarsa tsakanin filin rawa, wurin ɗaukar fim da karnukan da yake kiwo, domin waɗannan abubuwa ne da iyali kan ji nauyin taɓawa ko kuma ba su san kansu ba.

A fara da bashi. Shari'a ta sa biyan bashi gaba da wasiyya da rabon gado, kuma harkar wasa cike take da alkawarin baka. Ɗan rawa kan yi aiki a biki ko a fim a ce masa "sai an fito da shi", babu takarda. Matarsa ba ta san wa ke riƙe da kuɗinsa ba, abokan sana'a su ne suka sani. Mutum biyu ko uku su zauna cikin makon farko, su rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa, da adadin, su miƙa wa magada. Idan aka bari wata uku suka wuce, ƙwaƙwalwar masu bashi kan yi rauni. Kayan rawarsa ma, daga kacau-kacau zuwa riga da kalangu, gado ne. Aboki ba ya ɗauka da sunan abin tunawa sai magada sun yarda.

Sai bidiyoyinsa. A nan ana samun saɓani na gaske. Wasu iyalai kan roƙi a goge duk wani bidiyon rawa ko waƙa na mamaci, suna tsoron kada ya zame masa nauyi a kabari. Wasu kuma suna son 'ya'yansa su ga abin da ubansu ya iya. A ganina maganar ta iyali ce, ba ta masoya ba. Idan sun ce a goge, a goge ba tare da gardama ba, kuma Facebook na karɓar buƙatar iyali ta rufe shafi ko mayar da shi na tunawa. Idan sun ce a adana, to a yi shi da kyau. Faifan CD yana karcewa, kaset yana cin danshi ya yi fumfuna, bidiyon da aka yi ta turawa ta WhatsApp kuwa ya riga ya rage kyau. A nemo na asali daga wayar da ta ɗauka, a kwafe wuri biyu daban, a rubuta shekara da gari da sunayen makaɗa. Rawa irin ta koroso ba a koyonta daga littafi, daga ƙafar wani ake ɗaukarta, don haka bidiyo mai kyau ɗaya na iya zama malamin yaran da ba su taɓa ganinsa ba.

Karen shi ne wanda aka fi zalunta. Sau da yawa mai shi kaɗai ne yake kusantarsa a gidan. Ran da ya rasu, sai a ɗaure karen a bayan gida saboda masu ta'aziyya, a manta da shi cikin rana, kwanonsa a bushe. Daga baya wani ya kwance shi ya kore shi titi, ya koma cin bola, yara na jifa. Wannan ba halin Musulmi ba ne. Hadisi ingantacce ya kawo labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, kuma an halatta riƙon kare don farauta da kiwo da gadin gona.

Abin yi ba shi da wuya. Tun ranar farko a ba mutum ɗaya alhakin ruwa da inuwa. Karen da ya rasa mai shi kan ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu, yana kwance bakin ƙofa yana ɗaga kunne duk sanda babur ya wuce. Idan ya kai kwana uku bai ci ba, ko yana amai, a kai shi wurin likitan dabbobi. A ci gaba da ba shi irin abincin da ya saba, canji kuma a yi shi a hankali cikin mako guda, domin sauyin gaggawa yana kawo zawo. Ragowar abincin makoki ba nasa ba ne idan akwai albasa da yawa ko ƙashin kaza dafaffe, albasa tana lalata masa jini, ƙashin kuma yana tsagewa ya soke hanji. A duba kaska a kunne da tsakanin yatsu. A nemo katin allurarsa, idan babu a sake yi masa rigakafin haukar kare, wanda ake maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato na haɗa wannan allura. Kare mai firgici yana iya cizo, kuma duk wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Idan gidan ba za su iya riƙe shi ba, a nemi mafarauci ko mai gona ko mai gadi da aka san halinsa, da izinin magada. Kada a jefa shi mota a sauke a baƙon wuri rana ɗaya. Sabon mai shi ya riƙa zuwa yana ba shi abinci da hannunsa na kwana huɗu ko biyar, a gaya masa sunan da ake kiran karen da shi, sannan a tafi da shi tare da kwanonsa da buhun da yake kwana a kai.